Furen da Aka Haƙe a Kurmin Aldergill

Enid Raine ce ta fara ganin ramin. Kullum ita ce a gaba, da sandarta da taswirar da ba ta taɓa buɗewa ba, mu takwas muna biye da ita. Mun saki hanya ke nan mun gangara bayan farin dutsen nan da muke zuwa sau ɗaya tak a shekara, ƙarshen watan Mayu, sai na ji ta yi wata 'yar ƙara kamar wadda aka taka wa yatsa.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Kawu Seth daga can baya. "Wilf, da kai nake. Mayar da ƙafar nan inda ka ɗauko ta."

Wilf Capstick ya mayar da ƙafarsa yana gunaguni.

Furen da muka zo gani, mu nan muna kiransa takalmin uwargida, saboda leɓensa rawaya ne mai kama da ɗan silifa. Duk faɗin kwarinmu babu irinsa sai a nan, cikin kurmin Gidan Aldergill, gindi uku a ƙarƙashin kejin waya don kada zomaye su ci. Doka ta hana ko tsinke ganyensa. Babu wanda ya san wurin sai mutanen gidan da mu 'yan ƙungiyar tattakin Asabar, kuma duk wanda ya shigo cikinmu sai Enid ta sa ya yi alkawarin rufe bakinsa. Ranar Laraba ta zo ta ga gindi uku. Yau biyu ne, da rami.

Ni sunana Bryony, ni ke raba wasiƙu a ƙauyukan kwarin shekara ashirin da biyu ke nan. Kawu Seth Iveson wan mahaifiyata ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gadin wannan kurmi, yana bin sawun yanyawa da barewa da masu farautar sata, kafin gwiwa ta sa ya ajiye aiki. A cewarsa, ya shiga ƙungiyarmu ne don kada mu ɓata.

Enid ta buga waya gidan. Ba a yi minti goma ba muka ji ƙugin babur mai ƙafa huɗu. Crispin ne, ɗan ƙanen Madam Averil Thoresby mai gidan. Shekara biyu da suka wuce ya baro Landan ya zo ya karɓi ragamar gida da gonaki, tun da ita ta kai tamanin da uku. Kawu Seth ya tare shi a bakin hanya, ya sa ya kashe babur ya leƙo daga saman dutse.

Crispin ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Tun bara nake faɗa wa Gwaggo," ya ce. "Hanyar nan ba ta gwamnati ba ce, alfarma muke muku. Ga sakamakon alfarmar. Ƙarfe huɗu zan kira 'yan sanda, gobe kuma kwaɗo zan sa a ƙofar kurmi."

"Shekara sittin ana bin hanyar nan!" in ji Enid.

"To ta huta."

Sai Wilf ya yi gyaran murya. "Ni fa ba na son surutu. Amma jiya da safe, ina wucewa kasuwa, na ga wata shuɗiyar mota a bakin gada. Kuma duk kwarin nan mutum ɗaya na sani mai irinta."

Ba wanda ya kira suna, amma kowa ya waiwaya. Zubair Mirza yana tsaye a gefe da kyamararsa a wuya. Mai kantin magani ne daga birnin Bradford, ɗan shekara hamsin da 'yan kai, wata uku ke nan da shigowarsa cikinmu. Yau ce ranar farko da zai ga furen, amma Enid ta nuna masa dutsen daga nesa makon jiya.

"Motata ce," ya ce.

"To ga shi," in ji Crispin.

"Ba ga komai ba," in ji Kawu Seth. Ya jefa alewar na'ana'a a baki. "Ƙarfe huɗu ka ce, Mista Crispin? Yanzu sha ɗaya da kwata. A bar ni da ƙasa tukuna. Ita ba ta da haushin kowa."

*

Ya sa sauran suka koma kan hanya suka zauna a gindin katanga, ni kuma ya ce in riƙe masa jaka. Ya durƙusa da ƙyar a gefen kejin.

"Me kika gani?"

"Rami."

"Shi ya sa kike raba wasiƙu. Dubi turakan kejin."

Na duba. An ɗage kejin an mayar, amma turakan huɗu rabi-rabi suka shiga ƙasa.

"Ɓarawo mai gaggawa ba ya mayar da keji," ya ce. "Wannan ya mayar, ya so ya danna, abin ya fi ƙarfinsa, ko kuwa an tsorata shi. Ramin kuma ba da shebur aka yi ba. Da ɗan ƙaramin abu aka yi ta tsaga, kaɗan-kaɗan. Ga gurbin gwiwa biyu, sun nutse sosai. Ya daɗe a nan. Sannan gindi uku a gabansa, ya ɗauki ɗaya, mafi ƙanƙanta. Me ya sa?"

"Ko jakarsa ce ƙarama?"

"Ko kuwa."

An tafka ruwa ranar Alhamis har yamma, don haka duk sawun da ke wurin na jiya Juma'a ne. Mai sawun bai zo ta inda muka zo ba, ta ƙasa ya hauro, daga rafi. Ƙaton takalmi ne mai ƙusoshi a tafi, irin na da. Kawu ya kwantar da sandarsa tsakanin taku da taku, ya sa babban yatsa ya yi alama, ya sake gwadawa a gaba. Ya yi tsaki a hankali, irin wanda yake yi idan abu ya ba shi sha'awa.

Muka bi sawun har bakin rafi. A nan ya ɓace, domin duk gaɓar shimfiɗaɗɗen dutse ne. In ka bi dutsen ta hagu, gada za ka fita, inda aka ga motar Zubair. In ka bi ta dama, sai sarƙaƙiyar ƙaya da ba mai shiga.

"Takalmi mai ƙusa," na ce. "Kawu, mutum ɗaya ya rage a kwarin nan mai sa irinsa."

"Na sani. Mu je mu gaishe shi."

*

Wilf yana zaune yana cin burodi da cuku. Yana da rumfar sayar da shuke-shuke a kasuwar Juma'a, kuma babu taron da bai fi kowa murya ba.

"Ɗaga ƙafa," in ji Kawu.

"Ni doki ne?"

"Doki ya fi ka hankali. Ɗaga."

Ya ɗaga. Kawu ya ƙirga ƙusoshin da yatsa, ya auna tafin da sanda.

"Jiya da safe ina kake?"

"Kasuwa. Tun ƙarfe bakwai. Tambayi kowa."

"Hanyar kasuwa daga gidanka ba ta bi ta gada. Me ya kai ka har ka ga mota?"

Wilf ya daina tauna. Kunnuwansa suka yi ja.

"Tun da muka taru da safe nake jin warin jakarka," in ji Kawu. "Na ɗauka cukun ne. Buhu nawa?"

"Buhun me?"

"Tafarnuwar daji, Wilf. Gefen gada an aske ta kamar kan soja."

"Biyu," in ji Wilf a hankali. "Ganye ne kawai, Seth, sake fitowa yake yi. Matan birnin nan da ke zuwa hutu, fam uku suke sayen ɗauri. Don Allah kada Enid ta ji."

"Enid tana bayanka."

Enid ta tsare shi da ido. Kallon da ta yi masa, irin wanda ta yi wa yara shekara talatin a aji, ya wadatar.

Da muka matsa gefe na ce, "Shi ne?"

"A'a. Ƙusoshinsa sababbi ne, layi biyar. Na wancan layi uku ne, sun cinye, biyu sun fita a dunduniyar hagu. Kuma Wilf in ya taka ƙasa sai ta ji a jikinta. Da shi ne, da turakan nan sun shige har kai."

*

Zubair ya ware kansa can ƙarshen katanga. Filas ɗinsa na hannunsa amma bai buɗe ba. Kawu ya zauna kusa da shi, ya miƙa masa alewa.

"Mista Iveson, ba sai ka wahalar da kanka ba," ya ce. "Na san yadda abin yake. Su sun yi shekara talatin tare, ni wata uku. In aka rasa abu, ai ba sai an yi dogon nazari ba."

"Ni ban iya dogon nazari ba. Me ka zo yi jiya?"

"Yawo."

"A ina?"

Ya sunkuyar da kai yana juya filas ɗin a hannunsa.

"To bari ni in faɗa maka," in ji Kawu. "Da muka shigo da safe na ga sawunka a Tudun Makiyaya, wancan mai tsayin da muke hawa duk Asabar. Takalminka sabo ne, tafinsa kamar haƙoran zarto. Ka hau sau uku, ka sauko sau uku. Kowane hawa ka tsaya a wuri ɗaya, gindin turken nan, ka daɗe. Na yi ta mamaki, wane ne wannan da ya yar da abu a kan tudu yake ta nema?"

Zubair ya yi 'yar dariya, ba ta jin daɗi ba. Ya buɗe maɓallin rigarsa na sama, muka ga farkon wani dogon tabo a ƙirjinsa.

"Bara aka yi mini aikin zuciya. Likita ya ce in riƙa tafiya, shi ya sa na shigo cikinku. Amma duk Asabar a tudun nan sai kun tsaya jirana, kuna yi kamar kuna kallon tumaki. Madam Enid ta fi ni da shekara ashirin. Sai na ce bari in riƙa zuwa ranar Juma'a ina gwadawa, ko na daina ja muku baya."

"Me ya hana ka faɗa ɗazu?" na tambaye shi.

"A gaban Wilf? Gara 'yan sanda."

Kawu ya yi dariya har da tari. "Ka ga kowa?"

"Ban ga kowa ba. Amma wajen ƙarfe takwas, ina hutawa a saman tudu, na ji ƙarar ƙarfe can ƙasa, kamar tsohuwar ƙofa mai tsatsa. Sau ɗaya. Bayan kamar awa biyu ina komawa mota na sake ji."

Kawu ya daina tsotsar alewarsa.

"Ta wajen gada?"

"A'a. Ta can." Ya nuna dama, wajen sarƙaƙiya.

*

"Babu ƙofa a can," na ce, muna gangarawa rafi.

"Yanzu babu hanya dai. Ƙofa tana nan."

Muka bi dutsen ta dama. Inda nake ganin ƙaya ta toshe, Kawu ya sa sanda ya ɗage wani reshe, sai ga wata 'yar kafa. Bayanta ƙasa mai laushi, da sawun ƙusoshi layi uku, na zuwa da na komowa.

"Wannan ita ce hanyar mutanen gida," ya ce. "Daga bayan lambu zuwa rafi. Ni nake share ta da. Tun da Manjo ya rasu ba a sake sa mata lauje ba."

Manjo Thoresby shi ne mijin Madam Averil. Shekara goma sha tara da rasuwarsa.

Muka yi ta bi a sunkuye. Kawu yana nuna mini abubuwa ba tare da ya yi bayani ba. Gaban takalmin ba ya nutsewa, dunduniya kuma tana jan ƙasa. Takun gajere ne, bai kai rabin sandarsa ba. A sawun komowa, duk bayan taku ashirin akwai zagayen gindin bokiti inda aka ajiye aka huta. Wani reshe ya gitta hanya daidai haɓata, ni sai da na sunkuya, amma sawun ya wuce ƙarƙashinsa ba tare da ya canja ba.

Sai muka fito wani fili, shimfiɗaɗɗe, babu komai sai gajeriyar ciyawa da ganyen bara. Kawu ya tsaya cak.

Sawun ya taho a miƙe har tsakiyar filin, sannan ya karkata hagu, ya yi rabin da'ira mai faɗi, ya dawo kan layinsa ya ci gaba. Na komowa ma haka, ya bi ta kan wannan lanƙwasa daidai.

"Me ya kauce wa?" na ce. "Babu rami, babu ƙaya, babu ko dutse."

Kawu ya taka zuwa tsakiyar wurin da aka kewaye, ya tsaya, ya ɗaga kai sama kamar mai neman inuwa.

"Akwai wata bishiya a nan," ya ce. "Mutum huɗu ba sa zagaye ta da hannu. Guguwa ta kayar da ita kina 'yar makaranta. Ni da mutum biyu muka yi mako uku muna yanka ta, kututturen ma muka tone muka ƙone. Shekara talatin da biyar ke nan."

"To wa zai kauce wa bishiyar da babu?"

"Wanda ƙafarsa ta saba. Wanda ya bi nan kullum shekara da shekaru tana tsaye, kuma yanzu idonsa bai isa ya gaya masa ta tafi ba." Ya cire hularsa ya share goshi. "Mu uku muka san hanyar nan haka. Ɗaya yana maƙabarta. Ni kuma jiya ina gidanki ina gyara miki famfo."

A ƙarshen hanyar muka tarar da katangar lambu, da wata 'yar ƙofar ƙarfe da ganye ya kusa rufewa. Kawu ya tura ta da yatsa ɗaya. Ta yi ƙara.

Bai shiga ba. Ya jawo ta ya rufe.

"Ba za mu duba ba?"

"Ban taɓa shiga lambun nan ba tare da an kira ni ba. Ba yau zan fara ba. Je ki kira su, ki ce shayi ya yi."

*

Al'ada ce, duk ranar da muka je ganin furen, Madam Averil takan ba mu shayi a babban kicin na gidan. Ranar ma an shirya tebur, da kek da kofuna goma sha ɗaya. Muka tuɓe takalma a ɗakin shiga. A can na ga Kawu ya ɗan dakata gaban wani tsohon takalmi a lungu, ƙato, fatarsa ta tsattsage. An wanke shi tas, an cusa masa jarida. A cikin kowace ƙafa akwai safa mai kauri har biyu.

Madam Averil tana zaune a kan tebur, a miƙe kamar kullum, 'yar ƙaramar mace da farin gashi. Crispin yana tsaye jikin murhu da waya a hannu. Ƙarfe uku da rabi.

"Iveson," ta ce. "An ce kana bincike."

"Na ɗan dudduba, ranki ya daɗe."

"Wa ka kama?" in ji Crispin.

"Bari in jiƙa maƙogwaro."

Ya zuba shayi. Ya sa madara. Ya sa sukari cokali biyu, ya yi ta juyawa. Ya kurɓa, ya ce ya yi zafi, ya ajiye. Crispin ya dubi agogo.

"Ba Wilf ba ne," in ji Kawu. "Shi laifinsa daban, Enid za ta ji da shi. Ba Mista Mirza ba ne. Jiya bai kusanci rafi ba, tudu ya yi ta hawa, kuma dalilinsa nasa ne. In 'yan sanda sun zo zan nuna musu taku ɗaya-ɗaya."

"To wane ne?"

Kawu ya sake kurɓa.

"Wanda ya yi abin nan ba ɓarawo ba ne irin wanda na saba bi. Ya ɗauki ƙaramin gindi ya bar manya. Ya mayar da keji. Bai taka ko ganye ɗaya ba. Takalminsa na ƙato ne, amma ƙafar da ke ciki ƙarama ce. Ya sha wuya ƙwarai, bokitin ya yi masa nauyi, na ƙirga ya huta sau ashirin da shida. Kuma bai zo ta gada ba, bai zo ta hanyarmu ba." Ya dubi cikin kofinsa. "A tsakiyar filin nan na bayan lambu, ya kewaye babbar bishiya."

"Babu wata bishiya a filin nan," in ji Crispin.

"Babu," in ji Kawu.

Kawu ya ɗauki yankan kek, ya gutsura kaɗan, ya yi ta tauna kamar mai ciwon haƙori. Bai dubi kowa ba.

"Iveson, ajiye kek ɗin nan," in ji Madam Averil. "Ka tsani kek tun kana saurayi." Ta dafa tebur da hannu biyu. "Furen yana ɗakin gilashi na shuke-shuke, cikin bokiti, bayan tumatir. Ni na haƙo shi."

"Gwaggo!"

"Yi mini shiru, Crispin, ban gama ba." Ta juya wajen da Enid take, ko da yake na lura idonta bai sauka daidai kanta ba. "Likita ya ce kafin hunturu ba zan ƙara bambance fuska da fuska ba. Ranar Talata na je in gan shi, na tsaya a kansa, ban ga komai ba sai wani rawaya-rawaya. Sai na durƙusa, na kusa kasa tashi. Shekara hamsin da ɗaya ina zuwa wurinsa. Na ce bana shi ma ya zo wurina, in sa shi a taga, in kawo shi daf da idona in gan shi sosai sau ɗaya. Takalmin Manjo ne kaɗai ba ya santsi a kan dutsen rafi."

"Averil, ai ba ya rayuwa a tukunya!" in ji Enid. "Kin fi kowa sani! Da kin faɗa, da mun ɗauke ki a kujera mun kai ki!"

"Na sani. Ban so a ɗauke ni ba."

"Kuma da safe da na ce miki zan kira 'yan sanda," in ji Crispin, "kina ji kika yi shiru?"

"Da na yi magana, da yanzu kana waya da gidan tsofaffin nan da ka ɓoye takardunsa a aljihun tebur. Tsohuwa makauniya ita kaɗai a bakin rafi da bokiti. Ai ka samu abin da kake nema." Ta numfasa. "Na ɗauka za a ce wani baƙo ne daga nesa, a yi surutu a manta. Ban san za a nuna wani da yatsa ba. Da aka gaya mini da rana, na sani, kuma na ci gaba da yin shiru awa uku. Wannan shi ne abin kunyar, ba furen ba. Mista Mirza, ina kake? Ba na ganinka."

"Ga ni nan, Madam."

"Na zalunce ka a gidana. Ba ni da hujja. Ka yafe mini."

Zubair ya ajiye kofinsa.

"Tsoro na san shi, Madam," ya ce. "Naki ya wuce a wurina. Na waɗanda suka waiwayo suka dube ni da safe, shi ne zai ɗan ɗauki lokaci."

Babu wanda ya iya haɗa ido da shi. Ni ma na waiwaya da safen, kuma ya gani.

Wilf ya tura masa farantin kek gaba ɗaya. "Ni jaki ne," ya ce.

"Ɗazu doki ka ce," in ji Kawu.

*

Kafin mu mayar da furen, Zubair ya ɗauko bokitin ya ɗora a kan tebur, ya ciro wani gilashin ƙara girma daga jakar kyamararsa ya sa mata a hannu. Ta kai minti goma tana kallo, hancinta kusan a cikin furen, mu kuma muna tsaye. Sannan ta ce, "To. Ku kai shi gida."

Enid ta dasa shi da hannunta a raminsa kafin rana ta faɗi. Bai yi ba. Ya bushe cikin watan Yuli. Sauran biyun suna nan.

Crispin bai kira 'yan sanda ba, kuma bai sa kwaɗo ba, domin gwaggonsa ta sa lauya ya rubuta hanyar a takarda da sunan ƙungiya tun tana iya sa hannu. Amma abin da ta ji tsoro ya same ta. Watan Oktoba aka kai ta gidan tsofaffin. Zubair kuwa, bayan ranar shayin nan, ya yi Asabar uku bai zo ba. Ta huɗu sai ga shuɗiyar motarsa a bakin gada, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake kawo zancen.

A yammacin da abin ya faru, ni na mayar da Kawu gida a motata. Muka wuce coci ina ta tunaninsa. Ya ci abincin gidan nan shekara arba'in da ɗaya, Madam Averil ce ta biya kuɗin asibitin matarsa, ita ta tsaya kusa da shi a bakin kabari.

"Kawu," na ce, "da ta ci gaba da yin shiru fa? Da ka kira sunanta?"

"Da na kira."

"A gaban Crispin? Ka san abin da zai biyo baya."

"Na sani. Amma ba zan bar mutumin nan ya koma Bradford da sunan ɓarawo ba." Ya juya yana kallon tumaki ta taga. "Tsawon shan kofi ɗaya na ba ta, Bryony. Ban taɓa shan shayi a hankali kamar yau ba. Lokacin da ta yi magana, saura kurɓi ɗaya."